Faya-fayan Ihun da Ka Bari

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Garwa, daga ƙaninka Sale. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana nan ma da rubutun za ka fara yi wa dariya, tunda allo na sani, bokona kuwa na waya ne. To yanzu kai ne za ka yi shiru, ni in zuba. Wannan ne karo na farko da zan yi maka dogon zance ba ka ce in tashi in ba ka wuri ba.

Bari in fara da labarin gida. Baba yana nan lafiya, sai ƙafar da ka sani. Yana fita kasuwa, amma wuƙa ta dawo hannuna. Shi yana kan benci yana gyara mini yanka da baki, wai ina ɓata cinya, wai kai da ido a rufe ka fi ni. Matarka Adda Hajara tana cikin takaba, ta rame amma tana cin abinci, 'yan'uwanta sun zo daga Yagwa da shinkafa. Madam ɗin nan mai gidan abinci a bayan tasha ta zo gaisuwa, ta yi ta kuka da Faransanci, ni ina ba ta haƙuri da Fillanci. Da ta tashi tafiya sai da ta tambaya ko zan riƙa ajiye mata hanta kamar yadda kake yi. Ina ajiye mata.

Maganar 'yarka Nana ce ta sa na ɗauki biro. Tun ranar da muka kai ka ba ta yi kuka ba. Ta je lise, sakandaren nan tasu, ta dawo, ta shiga ɗaki. Ka san bakin Nana, ka san yadda suke da Baba, shi ya ce mata amarya, ita ta ce masa ango marar haƙori. Duk wannan ya ɗauke.

Bayan sadakar arba'in aka fito da kayanka. Riguna aka bayar sadaka, babbar rigarka ta tafi wurin ladan, moto, wato babur ɗinka, aka ce in riƙe. Sai aka jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado, da faya-fayanka da tsohuwar na'urar da kake saka su. Baba ya dube su ya ce waɗannan ba sa bayuwa sadaka, domin duk wanda ya saurara nauyin zai koma kanka a kabari, kuma ba sa sayuwa. Ƙonawa za a yi. Nana ta zo ta zauna a kan kwalin. Magana ɗaya ta yi, ta ce ranar da aka ƙona su, in uwarta ta gama takaba za ta bi ta Yagwa, kuma ba za ta sake taka gidan nan ba. Baba ya ce ashana tana aljihunsa, ya ba ta zuwa Juma'a. Daga nan ko ido ba sa haɗawa.

Yaya, wa zan ba gaskiya? Tsohon nan tsoro yake ji maka. Yarinyar nan kuma abin da ya rage mata na ubanta ke nan.

Ni ka san ra'ayina tun da. Ba ni ne nake kiransa kiɗan mayanka ba? Ba ni ne nake tsayawa a bakin rijiya ina kwaikwayon ihun mawaƙan nan naka har maƙwabta su leƙo su ga ko wani aka danne ba? Kana bi na da bokiti, ina gudu ina ƙara ihun. Amma na ce wa Nana, a sana'armu ba a yanke wa sa kuɗi daga nesa, sai an matsa an taɓa ƙugu an duba baki. In ma ƙonawar za a yi, a bari in ji abin da za a ƙona. Ta dube ni kamar za ta ce in fita, sai kuma ta jona na'urar.

Ita ta gaya mini sunan abin, wai nu-metal. Wai a zamaninku duk duniya samari shi suke ji, yanzu kuma ya zama na tsofaffi irinka. Ka ji fa, tsofaffi.

Na tuna lokacin da kake raka motocin shanu Yawunde, daga can kake dawowa da su, kwafi ne babu ko hoto. To ashe da ragowar fentin da ake yi wa shanu alama ka yi musu shaida. Nana ta ce ka taɓa yi mata bayani: ja tsoka ne, kore kitse, baƙi kuma ƙashi, wanda ba kowa ke iya ci ba. Mahauci dai mahauci ne. Ni kuma da la'asar in na dawo daga kasuwa, kafin Baba ya shigo, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba ko ka iya yanka.

Jan na farko, ka yi gaskiya. Jitar nan tana gurnani ƙasa-ƙasa kamar babbar mota ta ɗauko kaya tana hawan dutsen hanyar Ngaundere. Akwai mai zuba magana da sauri, akwai mai rera waƙa da murya kamar ta yaro, sai ka saki jiki ya tsage ta da ihu. Ga wani a bayansu yana ƙi-ƙi-ƙi kamar ana wasa wuƙa. Da ina jin tarkace ne kawai. Yanzu na ji kowa yana da wurin shigarsa, babu mai taka wani, kamar yadda muke aiki a kan sa ɗaya mu huɗu ba a yanki hannun kowa ba. Ban san lokacin da kaina ya fara lilo ba. Nana ta gani, bakinta ya ɗan motsa, ta yi sauri ta gyara fuska.

Koren kuwa, Yaya, ka yi haƙuri, ya lalace. Wataƙila da zafinsa yana da daɗi, amma kitse ne da ya kwana ya daskare. Mutumin cika baki kawai yake yi. Na ce Nana ta fassara mini, ta ce Baffa wannan zagi ne daga farko har ƙarshe, ba da bakinta ba. Kai da kake hana ni ashar a kasuwa, ashe kana biya a yi maka ita da Turanci?

Sai baƙin. Shi ne wanda na fi tsana da, domin yana tafiya a hankali, yana da nauyi, mai waƙar wani lokaci raɗa yake yi kamar marar lafiya. Ka sa shi a ƙashi. Ni na ce ka rage masa daraja, wannan ƙashi ne mai ɓargo, ya fi jan nesa ba kusa ba. Nana tana zaune tana juya mini maganar da Hausa, a hankali, idonta a ƙasa. Wani yana cewa gidansu cike yake da mutane amma babu wanda ya taɓa tambayarsa me ke damunsa. Wani yana jin haushin kansa don bai iya faɗin abin da ke ransa ba. Ni da na ɗauka aljanu suke kira, ashe yara ne suke neman a dube su.

Yaya, abin da kake ji ke nan in ka rufe ƙofa? Kai da aka cire daga lakwal, aka raba ka da boko, aka miƙa maka wuƙa don kai ne babba, ba ka taɓa cewa uffan ba. Ni aka bari ina wasa da shirme, kai kake tashi da asuba. Ban taɓa tambayarka ko ka gaji ba. Kuma ban taɓa gaya maka ba, tafiyarka nake kwaikwaya tun ina ƙarami, har yadda kake karkata hula. Tsokanar da nake yi maka, ita ce kawai hanyar da na sani ta sa ka juyo ka kalle ni.

To Juma'a tana matsowa, ni kuwa ka san ba na iya roƙo, dabara kawai na iya. A baƙin faifan akwai wata waƙa mai sanyi, tsirkiya ɗaya ce take kuka a hankali, mutumin yana raɗa. Na ce wannan ko Baba ba zai ƙi ta ba. Na kai wa mai gyaran waya ya juye mini ita a kati. Ranar Alhamis bayan azahar, Baba yana zaune a gindin dalbejiya da shayinsa, ya tashi alwala, na zare katin wa'azinsa daga rediyo na sa nawa. Niyyata in ya ji ya tambaya, in ce masa abin da zai ƙona gobe ke nan.

Abin da ban sani ba, ban taɓa jin waƙar har ƙarshe ba. Kullum in ta kai tsakiya Nana take kashewa ta ce a wuce. Ni kuma ban tambayi dalili ba.

Baba ya dawo ya kunna. Tsirkiyar ta fara, ya ɗaga gira, ya kai kofi baki. Ina bayan randa ina murna. Sai kawai abin ya fashe. Yaya, ban taɓa jin ihu irin wannan ba ko a mayanka. Shayi ya zube a rigarsa, kaji suka watse, Adda ta fito da gudu tana salati, ni kuwa ina auna tsawon katanga. Baba ya kai hannu zai kashe, yana lalube bai sami maɓallin ba. Can sai na ga ya janye hannun. Ya zauna da rigarsa a jiƙe, ya saurara har ta ƙare.

Da ya buɗe baki ba da ni ya yi magana ba. Cewa ya yi tun yana saurayi yake sayen shanu a kasuwar Adumri, ya san kukan bijimin da ya fusata, ya kuma san kukan maraƙin da aka ɗaure ana loda uwarsa a mota. Ya ce wannan na biyun ne. Ya ce aljani ba ya irin wannan kukan.

Nana tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ya ɗago ya ce ke amarya, zo ki gaya mini me ɗan mutanen nan yake cewa. Ta zo ta durƙusa. Ta ce yana cewa kullum yana zaune kusa da ubansa, suna cin abinci a kwano ɗaya, amma ya rasa ta inda zai fara yi masa magana. Ba ta kai ƙarshe ba. Kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza, ranar ta yi shi, da kanta a kan gwiwar Baba. Shi kuma yana dafa kanta yana cewa ya sha wucewa ta ƙofarka yana jin wannan ƙarar, yana ɗauka rashin kunya kake yi masa, bai taɓa ƙwanƙwasawa ba ko sau ɗaya. Ka taɓa ganin hawayen Baba? Ni ranar na fara gani.

Kada ka ɗauka na tsira. Da ya share fuska ya tambaya wa ya taɓa masa rediyo, kowa ya juyo wajen randa. Ni na wanke rigar.

Da aka sauko daga Juma'a ya tara mu. Ya ce shi bai ce abin nan halal ne ba, kuma kada wani ya je waje ya ce ya faɗa. Amma kayan uban yarinya ne, a bar mata. Sai ya shiga ciniki irin nasu na dillalai: ba a kunnawa lokacin salla, ba a ƙure murya, kuma duk ranar da ta saurara sai ta karanta maka abin da ya sauwaƙa. Ni kuma tunda na iya sata a rediyo, in yi maka sauka. Nana ta ce ta yarda, amma angon ya daina zubar da shayi a gaban mutane. Ya ce zai sake ta. Adda tana daga ɗaki muka ji ta yi dariya.

Nana za ta zauna a Garwa ta yi jarrabawarta. Adda in ta gama takaba za ta je Yagwa ta ga gida, ta ce za ta riƙa zuwa. Jan da baƙin suna wurin 'yarka. Koren kuwa ita da kanta ta ba ni, na ɗaure shi da zare na rataya a saman teburin nama. Yana juyawa yana walƙiya, ƙudaje ba sa son shi. Ka ga a ƙarshe mai cika bakin nan ya sami aikin yi.

Na fara saukar, ina yi bayan asuba kafin in fita. Inda na manta Baba yana gyara mini daga ɗakinsa, da ƙarfi, yadda duk unguwa za ta ji.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka hutun da ba ka samu a wurinmu ba. Gidanka muna riƙe da shi. Sai mun zo.

Ƙaninka mai baki,
Sale