Busasshen Reshen Marke da Sammacin Innata

Zuwa ga Mai Girma Babban Malamin Daji mai kula da yankinmu,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya taimake ka a kan aikin da aka ɗora maka.

Sunana Rahila. Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare. Muna zaune a wani ƙaramin ƙauye kusa da Ƙarfi, a ƙasar Malumfashi. Ban taɓa rubuta wa babban mutum takarda ba, in na yi kuskure a yafe mini. Na zo ofishinka sau ɗaya. Masinja ya tambaye ni abin da nake nema, na kasa buɗe baki, na juya na koma gida. Shi ya sa na roƙi a buga wannan a jarida, don an ce kuna karantawa.

An kawo wa mahaifiyata sammaci. Ranar Litinin mai zuwa za ta tsaya gaban alƙali a kan laifin saran itace. A kan wannan nake rubutu.

Na ɗaya, abin da ya faru. Ranar Laraba, makonni biyu da suka wuce, da hantsi, ni da Inna muka je gonarmu. Akwai wani marke a bakin gonar wanda gara ta cinye masa reshe guda, iskar farkon damina ta karyo shi ƙasa. Ya daɗe a kwance, ko ganye ɗaya babu a jikinsa. Inna ta faskara shi da gatari, muka ɗaure dami biyu muka ɗauko. A kan hanya wani malamin daji ya tare mu da babur. Ya ce an hana saran itace saboda hamada tana tahowa, kowa ya koma girki da risho. Inna ta durƙusa ta ce masa busasshe ne. Ya ce shi gatari ya gani, kuma takardar da aka ba shi ba ta raba ɗanye da busasshe ba. Ya karɓe gatarin, ya sa muka kai masa itacen bakin titi, ya rubuta sunanta. Da ya ji ni na yi makaranta, ya miƙo mini takardar in karanta mata. Na karanta mata. Na so in ce masa ya karya itacen ya ga ƙasar gara a ciki, amma ban faɗa ba. Har yau abin yana damuna.

Na biyu, maganar risho. Ranka ya daɗe, mu ba mu ƙi dokar gwamnati ba. Mun ji a rediyo yadda yashi yake cinye gonaki a arewa, mu ma abin ya ba mu tsoro. Amma sana'ar Inna daddawa ce, kuma ina jin wanda ya tsara dokar bai taɓa ganin yadda ake yin ta ba. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tauri gare ta kamar tsakuwa. Sai an dafa ta wuni guda cur har da kwana, wuta ba ta mutu ba, kafin ɓawonta ya saki. Daga nan a surfa, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta da ganye har ta yi. Tukunyarmu sai mata biyu suke sauke ta. Duk da haka mun gwada. Matar hedimasta ta ara mana rishonta, na taka har Malumfashi na bi layin kananzir tun safe, sai bayan azahar na samu kwalba biyu. Muka raba kalwar a ƙaramar tukunya. Kananzir ya ƙare, lagwani ya ƙone, kalwa tana nan yadda take. Wadda ta sha ruwa ba ta dahu ba ta yi tsami, muka zubar. Ranar Inna ba ta ci abinci ba.

Da daddawar nan ake sayen gishiri da sabulu da maganin zazzaɓi a gidanmu. Da ita aka ɗinka mini kayan makaranta tun daga aji ɗaya.

Na uku, abin da na gani da idona. Ranar da muke tsaye bakin titi da damin itacenmu, manyan motoci biyu suka wuce sun nufi Funtua, shaƙe da gungumai, wasu ma da ɗanyen ganye a jiki. Malamin daji ya ɗaga musu hannu suka wuce. Daga baya na tambayi kawuna, ya ce gidajen burodi ake kai wa, kuma suna da takardar izini. Ban san inda ake samun wannan takarda ba. Babu mace ko ɗaya a ƙauyenmu da ta san ƙofar ofishin da ake ba da ita. Ni yarinya ce, wataƙila akwai abin da ban gane ba. Amma itacen da ke cikin mota ɗaya, Inna ba za ta ƙona shi a shekara biyu ba.

Na huɗu, wannan shi ne ya fi ba ni tsoro. A wajenmu gona ta maza ce, amma 'ya'yan ɗorawa na mata ne. Tun kafin wannan doka muna da tamu: ba mai tsinkar ɗorawa sai 'ya'yan sun nuna, mai unguwa kuma ya sa an yi shela, kuma namijin da ya ɗaga wa ɗorawa gatari, matan unguwa za su taru a kansa har sai ya rasa inda zai sa fuskarsa. Garin ɗorawa a sha, kalwa a yi daddawa, ɓawo a yi makuba a shafe ɗaki. Saboda haka ne ɗorawa ta rage a gonakinmu bayan an share sauran itatuwa an shuka masara da auduga.

Tun da aka fara kame, mata da yawa sun kife tukwanensu. Maƙwabciyarmu Inna Talatu ta daina daddawa. Ba a yi wata guda ba mijinta ya ce itacen da ba ya kawo komai inuwa kawai yake yi wa masara, ya sayar wa masu mota ɗorawa biyu. Suka zo da takardarsu suka kayar a wuni ɗaya. Ba matar da ta ce uffan, don ba su da bakin magana kuma.

Mu muna da ɗorawa guda huɗu, na kakata ne, ta bar wa Inna. Ɗaya daga cikin masu motar nan ya zo gidanmu sau biyu, ya zagaya babbar yana auna gindinta da hannu. Baba ya kore shi. Amma shekaranjiya na ji Baba yana gaya wa kawu cewa in alƙali ya ci Inna tara, rumbu ya yi ƙasa, masara ko bunni ba ta yi ba, ba shi da abin sayarwa sai babbar ɗorawar nan. Ranka ya daɗe, a kan mataccen reshe ɗaya za a kayar da itacen da ya girmi mahaifina, kuma da izini.

Saboda haka nake roƙo, ina durƙushe:

A tura wani kafin Litinin ya duba itacenmu. An ce yana nan jibge a bayan ofishi, an ɗaure shi da igiyar rama. A karya guda a gani. In busasshe ne, a janye sammacin, a mayar wa Inna gatarinta.

A raba ɗanye da busasshe a cikin dokar. Mai unguwa da matan ƙauye sun san kowane itace da mai shi, za su iya ba da shaida.

Dokar da ta hau kan mai dami ta hau kan mai mota. Wanda ya kayar da itace a sa shi ya dasa, ya yi ban ruwa har ya kama.

In ana so mu bar itace, a fara kawo mana abin da zai ɗauki babbar tukunya, kananzir kuma ya iso ƙauye, sannan a hana. In za a raba dashe, kada a tsaya kan darbejiya kaɗai, a haɗa da ɗorawa. Matan ƙauyenmu za su yi mata shinge da hannunsu ba sai an sa su ba.

Ban gaya wa Baba na rubuta wannan ba. Ina tsoron kada takardar nan ta ƙara wa Inna laifi. In akwai fushi, a yi shi a kaina, ita ba ta iya karatu ba, ba ta san abin da na rubuta ba. Ba na kuma son a hukunta malamin da ya tare mu, takardar da aka ba shi ya bi.

Yanzu ko ƙarar babur muka ji sai kowa ya yi tsit a gidan. Ba wanda ya taɓa shiga kotu a danginmu, ba mu san yadda ake yi ba. Wasu sun ce tara ce kawai, wasu sun ce in ba a biya nan take ba, gidan yari ake wucewa da mutum. In har ba a samu yin komai ba kafin ranar, ina roƙon a aiko mana da amsar tambaya ɗaya ta hannun mai unguwa. Inna tana da goyo, watansa bakwai, bai san komai ba sai nono. Ana barin mace ta shiga gidan yari da ɗanta, ko a wurina za a bar shi? Ina so in sani, don in fara koya masa shan kunu tun yau.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya kiyaye maka 'ya'yanka, ya sa ka gama aikinka ba da hakkin kowa a wuyanka ba.

Wassalam, tare da ladabi.

Ni ce 'yarka,
Rahila,
daga kusa da Ƙarfi.