Na mayar da ɗakin ɗana a Alƙahira masaukin mutanen garinmu

Wani dattijo daga cikin 'yan wannan zaure ne ya turo, ya nemi a sakaya sunansa. A yi sharhi cikin ladabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida shugabannin wannan zaure da dukkan masu karatu, manya da yara, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Don Allah ina roƙonku ku taimake ni da shawara a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Ban saba kai kukana gaban jama'a ba, asali ma ni ake kawo wa, shi ya sa na nemi a ɓoye sunana, kuma ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Ni tsohon hedimasta ne. Na yi ritaya da daɗewa, na dawo ƙauyenmu a ƙasar Bagwai ina noma gonar gado. Ina cikin waɗanda suka yi karatu a zamanin da makaranta ke ba ɗalibi abinci da sabulu da wurin kwana, ranar hutu kuma a ba shi kuɗin mota. Na faɗi wannan ne don a san irin ma'aunin da na daɗe ina auna rayuwar ɗalibi da shi. Autana yana karatun haɗa magunguna a wata jami'a a birnin Alƙahira, yanzu yana shekararsa ta ƙarshe. Ba gwamnati ce ta tura shi ba, garatutina ne ya tafi a kan haka, yayyensa maza biyu kuma suna haɗa abin da ake tura masa duk wata. Lokacin da zai tafi kuɗin jirgi bai cika ba. Aminina tun na yarinta, Sarkin Noman garinmu, wanda gonarsa ke manne da tawa, ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kasuwa, ya zo ya ajiye mini kuɗin a kan tabarma, ya ce kyauta ce ga ɗansa, idan na sake tayar da maganar to mun ɓata. Daminar shekarar da bijimin aro ya yi huɗa.

Kamar yadda aka sani, mutanenmu da yawa suna zuwa Masar neman magani. Wanda ya fara zuwa daga wajenmu ɗan'uwan mai ɗakina ne, na ce masa ai muna da yaro a can, ya sauka wurinsa. Ya dawo yana ta sa albarka. Daga nan wani ya biyo, wani ya biyo, har ya zama daga Rimin Gado ma ana zuwa ƙofar gidana a ce an ji ɗan Hedimasta yana can. A majalisa aka koma kirana Baban Dokta. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin sunan. Amma ba jin daɗin kaɗai ya sa ni ba. A tarbiyyar da muka tashi da ita, ɗan gari idan yana wata ƙasa shi ne masaukin mutanen garinsu, ba a neman izininsa, shi ma ba ya tambayar baƙo yaushe zai tafi. Haka na yi a duk inda aiki ya kai ni. Kuma a wurinmu baƙo ba ya ƙara wa gida nauyi, a ɗebo dawa a rumbu, a tsinko kuɓewa a bayan gida, a shimfiɗa tabarma a zaure, shi ke nan. Duk lokacin da na kira yaron na ce wane yana tafe ka karɓe shi, amsarsa ɗaya ce: "To Baba, Allah Ya kawo shi lafiya."

Baƙo na ƙarshe wani mai sayar da hatsi ne da ya je tare da ƙanensa. Da ya dawo ya zo yi mini godiya, ya tarar da mutane a ƙofar gida, a gabansu ya ce, "Hedimasta, ka haifi ɗa. Katifarsa ya bar mana, shi a kicin yake kwana a kan bargo. Ga ibada, kusan kullum azumi yake, mu muna cin abinci shi yana gefe da littafi. Har na ce masa, Dokta, kai na Ramadan bai ishe ka ba ne?" Aka yi dariya, aka yi ta Masha Allah. Na shiga cikin gida da farin cikina na ba mahaifiyarsa labari. Tana tankaɗe a lokacin, ko kanta ba ta ɗaga ba ta ce, "Malam, yaron da na Ramadan ma sai ya yi ta leƙa agogo? Ba azumi ba ne, abincin ne ba ya isa."

Ashe ta daɗe da sani, shi ne ya roƙe ta kada ta gaya mini. Ranar mun sami saɓani irin wanda muka daɗe ba mu samu ba. Na ce ta ci amanata da ta ɓoye mini halin da ɗana ke ciki, ita kuma ta ce wa ya isa ya tare ni da magana bayan na riga na faɗi tawa a majalisa. Na kira yaron, ya ce lafiya lau suke, ba wata matsala. Da na ga ba zai faɗa ba, sai na ce ya haɗa ni da babban cikin abokan zamansa, wani yaro ɗan Ungogo da na san mahaifinsa. Shi ne ya warware mini komai, cikin ladabi amma bai rage mini ko kaɗan ba.

Su biyar ne a ɗaki biyu da ɗan falo, a can saman wani tsohon bene da ba shi da lifta, wato na'urar hawa sama. Duk wata kowa yana kawo kasonsa na haya da wuta da gas da cefane. A can babu rumbu, babu bayan gida, ko albasa ɗaya sai an saya. Abin da muke turawa a da yana isa har ya yi saura, amma naira ta faɗi, kaya a can ma sun yi tsada, mai gidan ya ƙara haya, ga sabunta takardar zama da ke cin nata. Da safe wake da gurasa suke ci, da yamma taliya ko shinkafa, da rana kuwa kowa ya yi ta kansa, nama sai an daɗe. To a kan wannan ne nake aika musu mara lafiya da ɗan rakiyarsa. Mara lafiya ba zai ci wake kullum ba, likita ya ce nama da kayan marmari. Ba zai iya cunkoson bas ba, sai tasi, kuma da yawansu idan an isa sai su sauka su bar yaron da direba, tunda shi ne masauki. Ban ce mugunta ce ba, haka suka saba a gida. Ranar tafiya wani ya ba shi hula, wani turare, wani addu'a kaɗai. Don kada abokan zamansa su cutu, sai ya riƙa bar wa baƙi nasa kason abincin. Azumin ke nan.

Wannan ma ba shi ne mafi muni ba. Baƙin ba sa jin Larabci, shi ne tafinta, shi ne mai bin layi, shi ne mai karɓo sakamakon gwaji da sayen magani, yini guda yana tafiya a asibiti. Karatunsa kuwa akwai firaktikal da ake kiran suna, wanda ya yawaita fashi ba ya zama jarrabawa. Ya riga ya faɗi kwas ɗaya saboda haka, ban sani ba. An ja masa kunne cewa idan ya sake yin fashi a wannan zangon ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba, sai dai ya maimaita shekara, a sake biyan kuɗin makaranta, mu kuwa ba mu da inda za mu samo shi. Sannan mai gadin benen yana lura da masu shiga da fita yana gaya wa mai gidan, shi kuma ya ce da ɗalibai biyar ya yi yarjejeniya, bai buɗe asibiti ba, idan ya sake ganin baƙo duk za su bar masa gida. Yaran suka zauna suka yanke cewa in wani baƙo ya sake zuwa, ɗana ne zai fita. Ɗan Ungogon ya ce mini, "Baba, ku yi haƙuri, ba rashin kunya ba ne. Mu ma iyayenmu da kyar suke haɗawa." Na tambaye shi me ya hana yaron magana tun farko. Ya ce ya sha ba shi shawarar ya faɗa, sai yaron ya ce shi ba zai zama sanadin da za a ce Hedimasta ya faɗi magana bai cika ba.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ku ba, sai in rufe ƙofar baƙi, masu magana su yi su gaji. Amma kafin in san duk wannan na riga na ɗaure kaina. Sarkin Noma ya daɗe yana fama da ciwon baya, yanzu ƙafafunsa sun fara saki, sai an riƙe shi yake zuwa masallaci. Likitoci a Kano sun ce aiki za a yi masa, kuma jinkiri na iya sa ya daina tafiya gaba ɗaya. 'Ya'yansa suka sayar da gyaɗar da suka adana da awakinsu da babur, abin da suka tara ya tsaya daidai kuɗin jirgi da na aikin. Ana cikin tattauna yadda za a yi da masauki, bayan sallar Juma'a, a gaban liman da dagaci, na miƙe na ce a cire maganar masauki da abinci, ɗana yana can. Shi bai roƙe ni ba, ni na faɗa da bakina. Yanzu biza ta fito, an yanki tikiti, kuma tafiyar ta faɗo daidai makonnin jarrabawar yaron. Mutumin da ba ya iya taka dandamalin masallaci, shi za a kai saman benen da ba lifta. Na sami labarin yaron ya taɓa goya wani tsoho zuwa sama, don haka na san abin da zai yi.

Na juya al'amarin ta kowace fuska. Fanshona ba zai kama ɗakin haya a can na tsawon jinya ba. Gonar da nake nomawa ta gado ce, akwai haƙƙin ƙannena mata a ciki, daga ita gidan ke ci, kuma a yankinmu gona idan ta fita daga hannun mutum ba ta dawowa, ko'ina a nome yake. Yayyen yaron sun rabu biyu. Babban ya ce in je in gaya wa Sarkin Noma gaskiya, girma ba zai zube don wannan ba. Mai bi masa ya ce yaro ya ƙara daurewa, ai na ɗan lokaci ne, mutumin nan ya yi mana abin da dangi ba su yi ba. Mahaifiyarsa ta ce ita ba ta hana ni cika alkawari ba, amma in sani da cikin ɗanta nake cika shi. Shi kuwa yaron, da na nuna masa na san komai, sai ya ce, "Baba, ku bar shi ya zo, zan san yadda zan yi." Na ce ta yaya, ya ce zai fita daga gidan ya nemi ɗaki a ƙasa su zauna tare. Da wane kuɗi, bai faɗa ba. Jarrabawa fa, ya ce Allah na nan.

Wani zai ce mafita a fili take, in faɗi gaskiya kawai. To ni na san Sarkin Noma fiye da yadda 'ya'yansa suka san shi. Ba zai yi fushi ba, da ma fushin zai yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da ya ji cewa zuwansa zai taɓa karatun yaron nan, ranar zai fasa tafiyar, ya ce ƙafafun tsoho ba su kai haka ba, kuma ba wanda zai iya juya shi. Ba su da kuɗin wani masaukin, ba kuma zai yarda a yi masa karo-karo a masallaci ba. Idan na yi magana ina tsoron in zama sanadin zamansa a tabarma har ƙarshen rayuwarsa. Idan na yi shiru, ɗana zai rasa ɗakinsa, wataƙila ya rasa shekarar da ba mu da halin sake biya.

Jiya bayan La'asar na je gidansa da niyyar in fara buɗe masa maganar ko da kaɗan ne. Na tarar matarsa ta ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, wai tsarabar Dokta. Shi kuma yana kwance a zaure, ya kama hannuna ya ce, "Hedimasta, ka gaya wa ɗan namu kada ya wahalar da kansa saboda ni. Ko a ƙasa ne zan kwanta, ni manomi ne." Na ce to. Muka yi hirar kaka da farashin taki, na yi masa sallama na dawo da maganata a ciki.

Don haka nake tambayarku, musamman waɗanda suka yi karatu a birnin ko 'ya'yansu ke can. Shin akwai wani masauki mai sauƙi a ƙasa kusa da asibitoci, wanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya kamawa? Akwai masu yi wa marasa lafiya tafinta da rakiya, a biya su wani abu, don a ɗauke wa yaron zirga-zirgar? Idan babu, to dattawan wannan zaure su gaya mini da waɗanne kalmomi mutum zai janye maganar da ya faɗa a gaban liman, ba tare da amininsa ya fasa neman lafiyarsa ba. Ina roƙon kada a tsaya gaya mini na yi kuskure, wannan na gane shi, mafita nake nema.

Ranar Juma'a mai zuwa babban ɗan Sarkin Noma zai zo karɓar lambar wayar yaron, don su san wanda zai tare su a filin jirgi. Lambar tana hannuna. In ba shi, ko in hana?

Allah Ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri. Wassalamu alaikum.