Furoton Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin rage taurin kan nan, kin fara riƙe sandar da likita ya ce. Mu ma muna nan da godiyar Allah. Baban yara yana ta fama da kekensa na ɗinki, Auta kuma ta kusa gama makarantar koyon jinya. Ni ce dai ba ni da daɗi, Yaya, kuma na gaji da ɓoyewa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin san shekara ashirin da bakwai ke nan ina koyar da kimiyyar sinadarai a ajin nan mai tagar da ba ta rufuwa, da jadawalin sinadarai manne a bango. Ke kanki kin sha tsokanata cewa ko gishiri na gani sai na karanta masa asalinsa. Abin da nake fara koya wa 'yan mata shi ne yadda ake gane sinadari daga ƙwayar zarrarsa, wadda ke ɗauke da furoton da nutiron da ilektiron. Nakan ce musu furoton shi ne sunan yanka, nutiron ƙiba ce, ilektiron kuma tufafi. Mutum yana iya ƙiba ko ya rame, ya tuɓe riga ko ya ƙara wata, amma sunansa yana nan. Saboda haka furoton kawai ake ƙirgawa. Har wasu ke kirana Malama Sunan Yanka a bayan idona, suna zaton ban sani ba.

A jarrabawar watan jiya na ba su ƙwaya mai furoton goma sha ɗaya, nutiron sha biyu, ilektiron goma, na ce su faɗi sunanta. Amsar ita ce sodiyom da ya rasa ilektiron ɗaya. Tarko ne da nake ɗana musu kowace shekara, don mai gaggawa yakan ga goma ya ce niyon, wato sinadari mai furoton goma. To, Yaya, bana ni na faɗa tarkon nawa. Da na zo gyaran takardu sai na ƙirga tufafi, na soke amsar yara talatin da shida da jan biro, na ba huɗun da suka kuskure maki. Ranar da na raba takardun, sai shugabar aji ta ɗaga hannu, cikin ladabi ta tuna mini cewa ni na koya musu furoton ne sunan yanka. Na yi mata faɗa, na ce ba ƙwai ne zai koya wa kaza wayo ba, na ɗauki alli na nufi allo don in nuna musu. Ina isa na tsaya. Na rantse miki ban san abin da ya kawo ni wurin ba. Na dubi jadawalin da na manna da hannuna, haruffan suka zame mini baƙi, yara arba'in suna kallona, wata har tana share hawaye.

Ba shi ne na farko ba. Na taɓa samun makullin ɗaki a cikin firji, na kuma taɓa wuce ƙofar gidanmu har sai da mai gyaran takalma na bakin layi ya kira ni. Duk na ɗora wa gajiya. Shugabar makarantar, wadda ni na koyar da ita, ta kira ni ofis, ta kasa haɗa ido da ni, ta ce in ɗan huta zuwa ƙarshen zango. Na san ma'anar irin wannan hutun. Baban yara ya kai ni asibiti, likita ya faɗa mini kalmomi uku, ya ce in riƙe su zai tambaye ni anjima. Ni da nake jero sinadarai ɗari da goma sha takwas da ka, ɗaya kawai na iya dawo masa da ita. Ya ce ciwon mantuwa ne, kuma maganin da ake da shi yana rage gudun ciwon ne, ba ya tsayar da shi. Sannan ya tambaya ko wani a danginmu ya taɓa yin irinsa.

Ke kika yi jinyar Inna, ba sai na ba ki amsa ba. Kina tuna ranar da kike ba ta abinci ta dube ki ta ce, wannan baiwar Allah 'yar gidan wa ce. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba. Na shekara da shekaru ina tabbatar wa yara cewa duk abin da ƙwaya ta rasa sunanta yana nan, yau ga shi ban san abin da zai rage a kaina ba. Ina addu'a, na kuma san Allah ba Ya barin wani don wani, amma zuciyata ta karaya. Ba jinya nake roƙonki ba, kin yi taki kin gaji. So nake kawai ki zo yanzu, ko na mako guda ne, tun ina iya gane fuskarki.

Ki gaishe mini da maigidan, da Gwaggo, da Baffa in har yanzu yana jin gaisuwa, da Babangida da matarsa. Ki gaishe da 'yarki ta biyu, wadda na goya wata shida a bayana. Tun safe nake neman sunanta, na bar masa gurbi a takardar, ya ƙi zuwa. Don Allah kada ki gaya mata.

Wassalam, taki har kullum,
Ƙanwarki