Tankin Zamzam ɗin Hajiya

GRA, Katsina
3 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi jikin Kausar. Yaya, yarinyar nan ta zube, sai idanu. Wata uku ke nan duk Lahadi sai amai da gudawa. Likita ya tambaye ni wane ruwa take sha, na ce na roba. Ƙarya na yi masa, na san inda cutar take.

Kin tuna ɗakin nan mai taya da surukina Alhaji Sammani ya saya, wanda ake ɗaura wa jif a ja, mai gado da ɗan kicin da famfo? Duk Asabar da shi Baba, wato surukin nawa, yake zuwa gonarsa ta Batagarawa ya wuni, kuma dole da Kausar, tunda sunan marigayiya matarsa Hajiya Rahmatu ta ci. A ƙarƙashin gadon akwai tankin ruwan sha. Kafin Hajiya ta rasu, da hannunta ta juye ragowar zamzam ɗin hajjinta na ƙarshe a ciki. Tun daga ranar Baba ya hana a zubar da ruwan. In ya yi ƙasa a ƙara, wai muddin bai ƙare ba albarkar tana nan. Shekara biyu fa, Yaya! Na haska da tocila, gansakuka ce ko'ina, ga yauƙi kamar miyar kuɓewa. Wannan ruwan Baba yake ɗura wa 'yata da hannunsa yana sa mata albarka.

Na gaya wa Baban Kausar ta waya, yana can Abuja, ya ce shi ba zai iya tunkarar mahaifinsa da maganar ba. Maza ke nan. To na samo mai yi. Na ce wa Malam Ɗantsoho direba Baba ne ya ce a wanke tankin ranar Alhamis, lokacin da zai tafi ta'aziyya Daura da motar abokinsa. Tsohon akwai saurin yarda, in kin ce masa rana ta fito ta yamma sai ya ce to.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rashida

GRA, Katsina
12 ga Yuli

Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gida, ya damina?

An wanke. In faɗi gaskiya, tsohon ya iya aiki. Ya kwance makunnin zubar da ruwa na ƙasa, ruwa ya fito kore yana wari. Ya dama rabin kofin shayi na bilic, sinadarin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a bokiti ya juye, ya cika tankin da tiyo, ya buɗe famfo har sai da ƙaurin ya fito ta nan, sannan ya bar shi tun hantsi har la'asar. Sau uku ya ɗauraye, yana sunsunawa, har ƙaurin ya tafi. Shi ya fara kurɓa kafin ya ce ya yi.

Da Baba ya dawo ya tarar da ƙasa jiƙe sharkaf. Ɗantsoho ya tarye shi yana washe baki, yana jiran a ce sannu da aiki. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Zama ya yi daɓas a bakin tayar yana kuka, yana cewa yau ne Rahmatu ta mutu. Da tsohon ya ce ai saƙon Alhaji ne ta bakina, aka kira ni gaban kowa. Na saki baki, na dafa ƙirji, na ce ni dai na taɓa cewa tankin ya yi datti, amma ni wa, saƙon Baba wa? Ɗantsoho ya daɗe yana kallona. Ni kuwa na ƙura wa takalmina ido.

Baba ya ce ya ajiye makullan mota. Shekara talatin da ɗaya yana gidan nan, shi ya kai Baban Kausar firamare, amma ko tabarmar sallarsa ba a bari ya shiga gareji ya ɗauka ba, maigadi ne ya jefa masa ta kan ƙyaure. Da ƙafa ya kama hanyar gidansa a Kambarawa.

Na san abin da za ki ce, ki riƙe wa'azinki. Da shi da 'yata wa zan zaɓa? Da ni aka kama, gidan zan bari. Shi kuwa ai ya tsufa, dama hutu ya kamace shi. Kausar ta je gona ta dawo lafiya lau, har tuwo ta ci ta nemi ƙari.

Taki,
Rashida

GRA, Katsina
29 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ga wasiƙarki, na karanta, ban ji daɗinta ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai ke.

Ranar Talata Zuwaira matar Ɗantsoho ta zo. Ta ce ciwon hawan jininsa ya tashi, ba ya ko fita masallaci don kunyar a ce ya ci amanar gidan da ya riƙe shi. Ta zo da gorar lita biyu naɗe a zane. Ashe kafin ya kwance makunnin sai da ya ɗebi ruwan Hajiya ya adana, don ransa bai ba shi ya zubar duka ba. Ranar abin ne ba a bar shi ya kai ga faɗin haka ba. Ta durƙusa ta roƙe ni in kai wa Baba, ko zai huce ya kira shi su gana.

In ya kira shi suka zauna, ai kashina ya bushe. Na karɓa, na ba ta ragowar shinkafa na sallame ta. Na kai wa Baba gorar na ce ni na ɗiba tun da daɗewa, don tsoron irin wannan rana, kunya ce ta hana ni faɗa. Yaya, albarkar da ya sa mini har sai da muryarsa ta dishe. Ya ce ni ba suruka ba ce, 'ya ce.

Na ɗauka ajiyewa zai yi a ɗaki. Ina tsaye ya tashi ya nufi gareji, ya buɗe bakin tankin, ya juye gorar tas, har da koren da ya kwanta a gindinta. Ya sa aka kawo kwaɗo ya datse makunnin ƙasa, ya zura makullin a aljihu. Ya rantse muddin yana numfashi ba mai sake zubar da ɗigo ɗaya, kuma ni ya damƙa wa amanar kula da shi, tunda ni kaɗai na san darajarsa.

Sabon direban yaron Baba ne na gona, ko kujera ba ya matsarwa sai ya tambaya. Gobe Asabar. Baba ya sayo wa Kausar sabon kofi mai hoton fure, tun ɗazu take yawo da shi a tsakar gida.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rashida