Sunan da Na Laƙaba wa Mai Alfadari

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, tunda ka riga ka buɗe, amsa mini: wane irin namiji ne zai share hawaye don dokin Bature ya karye a talabijin, alhali saniyar maƙwabcinsa ta mutu bara ko sannu bai ce masa ba? Yau na ga irinsu cike da shagon askin Lala Riyasat.

Duk Lahadi bayan la'asar ake karo ƙofa a kunna shirin nan da muke kira Babban Gida. Wani ƙaton gida ne a Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, masu gida a sama, barori a ƙasa, kowa na magana kamar an shaƙe masa wuya. Ni na zuba musu shi a katin waya daga rumfata ta kayan waya, ni ne kuma tafinta, don babu mai jin Turanci sai ni. Turancin da na tsinta a tsofaffin jaridun ƙunshe suya da littattafan gwanjo na bakin titi a birnin Pindi. Ladana kofin shayi.

Wanda ya fi ƙona mini rai kakana ne, Baba ji Mehrban, mahaifin Ammi, wato mahaifiyata. Kujerar askin ma tasa ce. Idonsa da yana, sai ya matso kamar zai shige gilashin. "Dubi yadda suke tsayuwa, Taukir. Mutane masu tsari." Na ce da tsarin suka kwashe ƙasar nan. Ya ce, "Tafinta aka ɗauke ka, ɗan nan, ba limamin Juma'a ba." Aka kwashe da dariya. Ni aka yi wa.

Talata, 8 ga Oktoba

Ammi ta ce in bar ja da tsoho a gaban mutane. Shi fa ya bar ja da ni?

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bari in rubuta yadda abin ya faru tun ban fara gyara shi a raina ba.

Yau a shirin an kawo sojojin ƙasarmu da alfadarai, an kafa musu tanti a filin gidan. Aka nuna wani mai rawani riƙe da linzami, 'yar mai gida ta wuce ta gabansa tana yi wa ƙanwarta ƙorafin taɓo. Ko kallonsa ba ta yi ba. Shi ma bai ce uffan ba. Baba ji ya gama yabon takalmanta ke nan, ya zungure ni da sanda: "Me ta ce masa?"

Na ce, "Cewa ta yi, kai Sherbaz na Chakwal, janye dabbarka, wari kake."

Sherbaz sunan mahaifin Baba ji ne. Ya tafi yaƙin nan da alfadaran Turawa, Baba ji yana cikin mahaifiyarsa, bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari, ba labari. So na yi ya ji zafi, ya ga yadda masu tsarin nasa suke kiran ubansa. Na ɗauka za a yi dariya in rama ta makon jiya.

Babu wanda ya yi dariya. Baba ji ya ce, "Riyasat, mayar baya." Aka mayar. Ya kara kunne. Na ce Turawa haɗiye suna suke yi. Ya gyaɗa kai. Zagin ma bai taɓa shi ba. "Wari kam dole," in ji shi, "mai alfadari ne."

Da muna fita Lala Riyasat ya riƙo hannun rigata. "Ni fa ban ji Sherbaz ba." Na ce kunnensa na almakashi ne, ba na Turanci ba. Ya sake ni, amma bai daina kallona ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na yi niyyar gaya masa da safe. Na same shi yana aske gemunsa da kansa, yana waƙa.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na bi ta gefe. Na ce, Baba ji, ka san dai ɗan wasa ne? Ya ce, "Ban haukace ba tukuna, jakin gida. Na san ɗan wasa ne. Amma Bature ba ya yar da takarda. Daga cikin takardunsu suka ɗauko labarin, in ba haka ba ina suka san Chakwal? Tunda suka fara, za su ƙarasa. Za su faɗi inda ya kwana."

Ya sayo alewar riɗi ya raba a ƙofar masallaci bayan azahar. Har ni aka miƙo wa. Na ci. Me zan ce, ina azumi?

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na rufe rumfa na kalli sauran shirin duka ni kaɗai, ina tsayarwa duk inda na hango tanti. Aure, mutuwa, wata baiwar Allah ta ƙona miya, mai gida ya yi fushi da ɗansa. Mai rawani sau ɗaya ya sake fitowa, a kashi na ƙarshe, can nesa, yana jan dabbarsa ta ƙofar waje, bayansa kawai ake gani. Na bi sunayen da ke hawa a ƙarshe. Akwai sunan mai kula da dokin da ya karye. Shi babu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Shago ya cika har bakin titi. Mutane sun baro roron gyaɗa sun zo ganin uban Mehrban. Mata a bayan taga. Mai rawani bai fito ba. Baba ji ya juyo ya ce wa jama'a, "Yana bakin aiki. Soja ne, ba zaman falo ya je yi ba."

Tsoho Gulistan mai shayi ya ce, "Ko dai Baturiya ce ta riƙe shi, Mehrban? Wataƙila kana da ƙanne masu jan gashi." Baba ji ya ɗaga masa sanda yana dariya. Rabon da in ga haƙoransa haka na manta.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na ƙara. Ba wanda ya tilasta ni. Mai dafa abincin gidan tana faɗa da yarinyarta kan ƙwai, na ga Baba ji ya fara sunkuyar da kai, sai bakina ya ce, "Ta ce a kai wa Sherbaz burodi da madara, sanyi ya yi yawa a tanti."

Ya rufe fuska da mayafinsa. Da ya buɗe ya ce, "Ka gani? Ba su bar shi da yunwa ba. Kai kuma kullum zaginsu."

Ni da na fara don in ɓata su a idonsa, ga ni ina musu kwalliya da hannuna. Kuma abin tsoron, ƙarya ta biyun ta fi ta farkon sauƙin faɗa.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ammi na murza gurasa na tsuguna na gaya mata komai. Ta juya gurasar, ta ciro, ta saka wata.

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kakarta, matar Sherbaz, ba ta yarda an yi masa addu'ar mamaci ba har ta mutu. Ta ce ba a binne mutum da zato. Ta kuma sa ɗanta ya yi mata alkawari: ba sauka, ba sadaka, sai labari tabbatacce ya zo. Shi ya sa Baba ji yake jiran ƙarshen shirin. Har ya yi wa liman magana. Ya ware bunsuru.

Na ce to gobe zan gaya masa gaskiya. Ta nuna ni da sandar murza gurasa. "Don ƙirjinka ya yi sauƙi? Ka ba shi uba da ƙarya, yanzu za ka ƙwace da gaskiya, ka tafi kana jin kai mutumin kirki ne? Kai ka ɗaura kayan nan. Ɗauki abinka."

Na ce to me zan yi ranar ƙarshe? Ta ce, "Kai ne mai karatu."

Asabar, 2 ga Nuwamba

Littattafai cike da akwati a ƙarƙashin gadona. Ba wanda ya yi mini amfani.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na shirya. Zan ce zazzaɓi ya kama shi a sanyin ƙarshe, abokansa suka yi masa wanka, suka binne shi a gindin wata bishiya a bayan gidan, fuskarsa alƙibla. Na maimaita a rumfa har ta zauna a bakina. Labari ne mai kyau. Ya fi duk abin da suka rubuta a shirin nasu. Baba ji zai yanka bunsurunsa, ya huta.

Sai dai liman zai ɗaga hannu, gari duka ya ce amin, a kan kabarin da na haƙa da harshena.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An gama.

Baba ji ya sa fararen kayansa na idi. Liman ma ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa wai wucewa yake. A shirin yaƙi ya ƙare, ana buga ƙararrawa, ana rawa a kan ciyawa, masu gida sun sauko sun gaisa da barori. Gulistan mai shayi har da tafi. Sai ga mai rawani can baya, ɗan mitsitsi, yana fita. Baba ji ne ya fara ganinsa, shi da idon nasa. "Ga shi nan! Riyasat, tsayar!"

Aka tsayar. Bayan mutum da bayan alfadari.

"Ina zai je? Me suka ce?"

Shagon duka ya juyo kaina. Bishiyar tana bakina, da zazzaɓin, da alƙiblar. Na dubi liman. Na dubi Lala Riyasat, ya sunkuyar da kai yana goge aska mai tsabta.

Na ce, "Ba su faɗa ba, Baba ji."

"A ƙarasa, wataƙila gaba."

Aka ƙarasa. Rawa, sumba, kiɗa, sunaye. Ya zauna har gilashin ya yi baƙi. Sannan ya laluba sandarsa ya ce, ba da ƙarfi ba, "Haka suka yi wa uwata."

Tun ina yaro nake jiran ranar da zai faɗi magana ɗaya marar daɗi a kan Turawa. Ga ta na samu. Da na san haka take da ban nema ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Bunsuru na nan ɗaure. Ni ke ba shi ciyawa, ba wanda ya sa ni.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Lala Riyasat ya ce in zubo wani sabon shirin. Na zubo. Kujerar aski ba kowa, kuma ba wanda ya hau. Na fassara musu kalma da kalma, ba ƙari ba ragi, Gulistan ya ce yau shirin ba gishiri.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Baba ji ya kira ni. Yana kan gadon igiya a tsakar gida yana ɓarar gyaɗa, ba ya ci, tarawa kawai yake. Ya ce, "Wayar nan taka tana kaiwa Ingila?" Na ce tana kaiwa. "To rubuta musu. Ka ce ɗansa na nan da rai, amma ba zai daɗe ba. Tunda sun san sunansa, sun san sauran. Ka yi musu ladabi, ban da bakin nan naka."

Na buɗe baki. Ammi na bakin murhu, ba ta ko juyo ba, amma na ji maganarta ta ran nan a kunnena. Na rufe.

Ya ƙara da cewa, "Ko ba komai dai an kira sunansa a gaban mutane. Tun rasuwar uwata ban ji shi a bakin kowa ba."

A bakina ya ji shi. Cikin zagi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na rubuta, a shafin masu shirin na intanet inda kowa ke gani, tsakanin masu yabon riguna da masu kukan doki. Sau uku ina gogewa don zagi na ta shigowa. Wanda na aika ba zagi ko ɗaya. Ba don su ba.

Na kuma tambayi wani tsohon soja a Pindi inda ake neman sunayen waɗanda ba su dawo daga yaƙin ba. Litinin zan je. Ba wani abu ba ne, dama ina da sayayyar kayan waya a can.

Ɗazu na sake kallon wurin da mai rawanin yake riƙe da linzami. Kunnuwansa sun ɗan buɗe, irin na Baba ji. Irin nawa. Shirme. Ɗan wasa ne.

Amma ku da kuka yi shirin nan, ku da kuka san sunan kowane cokali a teburin gidan: kun tsayar da mutum cikin taɓo, kun ba shi rawani da dabba, kun hana shi baki, kun fitar da shi ta ƙofar baya. Ni na yi ƙarya, zan amsa tawa a inda za a tambaye ni. Taku fa? Wani a cikinku ya fito fili, inda tsoho mai yanar ido zai ji, ya faɗa: mutumin nan wane ne, kuma da ya fita ƙofar nan ina ya tafi?