Moɗar Hajara

Kurfi, daren Laraba, bayan girbi, 1964

Yau na kasa buɗe littafina, ga shi saura shafi shida in ga yadda labarin zai ƙare. Raina a ɓace yake.

Hajara, ƙanwar maigidana, ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar aji huɗu. Yarinyar da ake zaunarwa ita kaɗai a bakin ƙofar aji saboda farfaɗiya! Amma da la'asar maigida ya dawo ya ce hedimasta ya ba wadda ta zo ta biyu gurbinta na siniya firamare. Wai makarantar kwana ce, da moɗa ɗaya ake shan ruwa, kada yawunta ya shafi 'ya'yan mutane.

Na ce, "Malam, kai me ka ce masa?"

Ya ce, "To, me zan ce? Mu ma ba mun ware mata tata ba?"

Hajara tana zaune kusa da turmi tana ji, ko ɗagowa ba ta yi ba. A littattafai a nan ne wani jarumi ke ɓullowa ya gyara komai. Mu ba wanda ya ɓullo. Sai na ɗauko moɗarta mai jan zare, na ɗebi ruwa, na shanye a gabansa. Na gaya masa shekara biyu ke nan ina sha da ita in ba ya nan, ban taɓa faɗuwa ba.

Gobe ko ya koma wurin hedimasta da bakinsa, ko in yafa mayafina in je masa da moɗar.