Babur Mai Ƙafa Uku

Talata da dare, garin Isa

Na leƙa garejin Bashar in ga abin da jarina ke haifarwa. Babura masu ƙafa uku yake haɗa wa guragu, giya da birki duk a hannu. Har ya ƙara rumfa.

"Anti, kasuwa ta buɗe," in ji shi. "Tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Turba ban huta ba."

Wani manomi na zaune kan benci, an ƙulle ƙafar wandonsa ɗaya a gwiwa. Shanun nomansa ya sayar ya zo awon babur. Da ya ji ni ce mai jarin, sai ya hau sa mini albarka, har da Allah ya ƙaro kasuwa. Na ce amin.

Bashar na son ƙarin jari. Ya samu wani a asibiti da za shi riƙa tsegunta masa duk wanda aka yanke wa ƙafa, kafin masu walda na Sabon Birni su riga shi. Na ce za ni yi shawara.

Tun a hanya na gama shawarar. Damina ta sauka, yunwa za ta kora mutane gonakin daji ko wa ke can. Gobe za ni tura masa kuɗin.